Kwanon Ganyen Alhaji Tsalha

Wani kafinta ne a wata unguwa a Funtuwa, ana ce masa Sallau, siririn mutum wanda tun fil'azal Allah bai ba shi jikin da zai yi kyauta da shi ba. Yana zaune da matarsa Hansai da 'ya'yansu uku a gida mai ɗaki biyu, ƙofarsu tana kallon ta Alhaji Tsalha mai hatsi. Shi kuwa Alhaji Tsalha, duk tsokar da aka rage wa mutanen layin kamar shi aka tara wa. Idan zai tashi daga tabarma sai ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, ya dafa kafaɗar wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi, sannan ya miƙe yana salati. Aminin marigayi mahaifin Sallau ne, kuma shi ya tsaya masa wakili ya karɓo masa auren Hansai. Saboda haka Sallau ko ido ba ya haɗawa da shi, balle ya musa masa magana.

A ƙofar gidan Alhaji ake ciyayya tun Sallau yana yaro. Da an idar da sallar magariba sai a shimfiɗa tabarma, kowane magidanci ya fito da kwanonsa daga gida, a jera su, a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya ana ci tare har a ga bayansu. Mutuwa da ƙaura sun rage mutanen tabarmar, saura su huɗu: Alhaji, da Sallau, da Malam Ilu ladanin masallacin unguwa, da Mati mai faci. A yi wa Alhaji adalci, a da babu mai kuka da shi. Cin mutum uku yake yi, amma kwanonsa na mutum biyar ne, shinkafa da miya ja wur, nama yana leƙowa ta ko'ina. Ga Sallau, wannan zaman shi ne abincinsa na gaskiya a yini. Da safe koko ne, da rana abin da ya samu a bakin shago, gyaɗa ko dafaffen rogo, sai magariba ta yi ya zauna ya ci ya san ya ci.

Ana nan, rannan Alhaji ya hau benen wani abokin cinikinsa a kasuwa, numfashi ya sarƙe masa a tsakiyar matakala, aka kwashe shi sai asibiti. Likita ya auna jininsa, ya ɗora shi a kan sikeli, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya rubuta masa abu biyu. Na farko tafiyar ƙafa kullum da safe. Na biyu a canja tukunya: ganye da yawa, tuwo kaɗan, babu soye-soye, mai da gishiri sai a ɗiga. Ya ja masa kunne cewa abin nan biyu tare suke aiki, in ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya, wahala kawai zai sha. Ya ce ya dawo bayan wata uku a sake hawa sikeli.

Alhaji ya dawo gida ya raba aikin biyu. Zancen tukunya ya danƙa wa matarsa Hajiya Dudu. Zancen tafiya kuwa ya riƙe abinsa, don shi ne wanda mutane za su gani. Kafin mako ya zagayo ya sayi takalmin kambas fari fat, da riga da wando irin na 'yan ƙwallo waɗanda suka kama shi kamar buhun da aka cika aka ɗinke, da wani agogo mai ƙirga takun ƙafa. Daga nan ya aika aka kira Sallau.

Ya ce, "Sallau, daga gobe bayan asuba za ka riƙa raka ni filin makaranta. Likita ya ce kada in fita ni kaɗai, ko jiri zai ɗebe ni."

Sallau ya ce, "To, Alhaji."

Wannan "To, Alhaji" ita ce ciwon Sallau. Da ita ya gyara wa Alhaji ƙofofi shekara da shekaru, da ita ya sauke masa buhuna, da ita kuma ya shiga zagayen fili shi da bai da kitsen da za a soya albasa da shi.

Tafiya dai Alhaji ya yi ta, ba za a yi masa ƙarya ba. Zagaye bakwai kullum, yana huci, zufa tana zuba har cikin kambas, yana ɗaga wa duk wanda ya wuce hannu don kada wani ya je gida bai san Alhaji Tsalha yana motsa jiki ba. Sallau yana biye da shi da silifa, taku da taku. In sun dawo Alhaji ya shiga ya yi wanka ya kwanta har hantsi, Sallau ya kurɓi koko ya nufi shago ya kama zarto.

Ranar farko da magariba aka fito da kwanon Alhaji, sai kowa ya zuba masa ido. Babbar langar nan da aka sani ta ɓace, wani ɗan kwanon silba ne ya maye gurbinta. Mati ya ɗaga murfin ya leƙa. Dafaffen zogale ne da kabeji da 'yan yankan karas, babu ƙuli, babu mai, gishirin ma sai dai a ce an nuna masa tukunyar daga nesa.

Alhaji ya ce, "Mayar da murfin, Mati. Wannan na likita ne, a bar shi sai ƙarshe." Ya ɗaga hannu ya duba agogo a hasken ƙwan lantarki. "Taku dubu tara da ɗari biyu. Kun ji? Mutumin da ya yi wannan tafiyar ai ya ɗan taɓa tuwo. Buɗe naka, Sallau, mu ɗanɗana hannun 'yata."

Ɗanɗanon Alhaji kuwa loma ce wadda in ta bar malmala sai malmalar ta karkace. Tuwon masara ne da miyar kuka da Hansai ta ɗiga wa man shanu. Kafin Sallau ya haɗiye lomarsa ta uku, Alhaji yana suɗe gefen kwano da yatsa. Aka buɗe na Malam Ilu, dambu ne, ya bi sahu. Aka buɗe taliyar Mati, ita ma ba ta daɗe a duniya ba. Tafiyar safe ta buɗe wa Alhaji ciki fiye da da, ga shi babu langar da za ta tare shi. Da aka zo kan kwanon silba sai ya jingina da bango ya yi gyatsa.

Ya ce, "Alhamdu lillahi, ni kam na ƙoshi. Ku taimaka ku cinye wannan, kada a mayar wa Hajiya da shi ranta ya ɓaci. Ta sha wahala a kansa."

Mutum uku masu yunwa suka dubi juna, suka sa hannu a ganye. Kwanon ya koma cikin gida fes. Hajiya Dudu ta ɗaga hannu ta gode wa Allah da ya ba ta miji mai jin maganar likita, washegari ta ba wa maƙwabta labari, kafin sati duk unguwa ta san Alhaji Tsalha ya zama mai cin ganye.

Haka aka yi washegari, haka aka yi jibi. Kullum da lambar agogo ake buɗe zama, kamar addu'a. In taku ya kai dubu goma, ranar ko miya ba a bari. Mati ne ya fara guduwa. Ya ce ya samu aikin faci a tasha wanda ba ya tashi sai bayan isha'i, alhali kowa yana jin ƙamshin taliyarsa daga cikin gida. Malam Ilu ba shi da wurin gudu, tunda daga masallaci sai tabarma, amma ya koyi dabara: ya riƙa cika cikinsa tun la'asar sakaliya, ya fito da abin da ya rage. Sallau ne kaɗai ba shi da mafita. A gidansa tukunya ɗaya ake ɗorawa, a kwashe na maigida a kwano, a zuba wa yara, a ajiye musu ɗumamen safe, Hansai ta ci abin da ya saura da ƙanzo. In ya shigo da yunwa, ko dai ya ci rabon 'ya'yansa ko ya sha ruwa ya kwanta. Ruwan yake sha.

Hansai ce ta fara lura. Ta ce, "Malam, wai ina tuwon da nake zuba maka yake tafiya? Kwano yana dawowa a suɗe, kai kuma kana dawowa kamar wanda ya kai azumi."

Ya gaya mata. Ta riƙe haɓa ta ce, "To ka yi masa magana mana."

"Wa? Alhaji? Mutumin da ya karɓo mini aurenki zan ce wa ya cire hannu a kwanona?"

"To bari in ƙara malmala ɗaya."

Ta rage na ɗumame ta ƙara. Alhaji ya buɗe kwano ya ga malmala uku, ya sa wa Hansai albarka har sau biyu, ya ce yarinyar nan ta san darajar manya, ya cinye ƙarin da uwar. Ta gwada zuba yaji da attaruhu har miyar ta koma ja. Alhaji ya ci yana share hawaye da majina, ya ce ya ji a rediyo yaji yana narkar da kitse, a riƙa ƙarawa. Sallau ne ya kwana yana murƙususu, don cikin da babu komai ba ya ɗaukar attaruhu. Rannan ya ƙi fita gaba ɗaya, ya ce kansa ke ciwo, ya zauna a zaurensa ya jawo kwano. Ko bismilla bai gama ba ya ji sallama. Alhaji ne ya zo dubiya, da kwanon silba a hannu, ya ce ba zai iya cin abinci ba alhali ɗan amininsa yana kwance. Ya zauna ya duba shi sosai, har kwanon tuwo ya warke.

Abin da ya fi ƙona wa Sallau rai ba yunwar ba ce, nasihar ce. Alhaji ya zama malamin lafiya a unguwa. Yana kai loma yana wa'azi.

"Ku mutanen nan ba ku san jiki ba. Sirrin duka tafiya ce. In ka taka ƙasa da safe, duk abin da ka ci da dare ya riga ya ƙone tun kafin ka ci shi."

Malam Ilu ya yi gyaran murya ya ce, "Na ɗauka, Alhaji, likitan ya haɗa da zancen abinci."

"To ba ga shi nan ba?" Ya nuna kwanon silba da hannun da ke ɗigar miyar kuɓewa. "Akwai ranar da ba a fito da shi ba? Akwai ranar da ya koma da saura?"

Babu. Malam Ilu ya ja carbinsa.

Wata na farko Sallau ya ɗauki ƙusa da guduma ya ƙara huda bel ɗinsa. Wata na biyu ya ƙara wani hujin. Wuyansa ya fito, idanunsa suka faɗa, hularsa ta fara sauka kan kunnuwa. Masu kawo aiki suka riƙa tambayarsa ko ya yi jinya ne. Shi kuwa Alhaji sai sheƙi yake yi, rigar 'yan ƙwallon ta daina rufe cibiya. Har wani dare, yana tsakar lashe yatsu daga kwanon Sallau, ya ƙare masa kallo ya girgiza kai.

Ya ce, "Sallau, ramar nan taka ta fara damuna. Anya iyalinka suna kula da kai kuwa? In akwai matsala ka gaya mini, ni na karɓo auren nan."

Sallau ya ce, "Babu komai, Alhaji." Ya haɗiye zogalen da ke bakinsa da wani abu mai ɗaci wanda ba zogale ba.

Cikin wata na uku mahaifiyar Sallau, wadda suke kira Inna, ta zo ganin jikoki daga ƙauye, inda ta koma bayan rasuwar mijinta. Ta sauka daga mota ta tarar da ɗanta a bakin titi ya zo tarbarta, ta wuce shi tana waige-waige. Sai da ya ce "Inna" sannan ta juyo. Ta dube shi daga hula har silifa, ba ta amsa gaisuwar ba. Da suka isa gida ta ajiye ƙullin kayanta, ta dubi Hansai, ta dubi yara da kumatunsu, ta sake duban ɗanta.

Ta ce, "'Yar nan, ke da 'ya'yanki kam ma sha Allah. Shi wannan a gidan wa yake ci?"

Hansai ta durƙusa ta ce, "Wallahi Inna kullum sai na cika masa kwano."

"Na ga alama."

Sallau ya jira Hansai ta shiga madafa, ya matso ya yi wa Inna bayani a hankali, yana zagaye-zagaye, har ya iso kan sunan Alhaji. Inna ta ɗaga masa hannu.

Ta ce, "Rufe mini baki. Alhaji Tsalhan da likita ya hana abinci? Tun a mota na ji labari ganye yake ci kamar akuya. Mutumin da ya yi wa ubanka wanka ya sa shi a kabari za ka ɗora wa sharri don ka rufa wa matarka asiri? Ashe abin har ya kai ta juya maka baki."

Washegari Inna ta karɓi muciya da kanta. Ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa miyar kuɓewa busasshiya da daddawar da ta zo da ita, ta malmala uku manya ta danna a kwano, ta miƙa wa ɗanta. Bayan isha'i kwano ya dawo a suɗe, ɗanta ya dawo yana leƙen tukunya. Wani zai ce wannan ya isa ya wanke Hansai. Ina. Inna ta ce yunwar wata uku ce ba ta cikewa a dare ɗaya, kuma wannan ma shaida ce a kan irin horon da aka yi masa. Ta yanke hukunci: ranar Juma'a za ta shiga wurin Alhaji Tsalha, tunda shi ya karɓo auren, ta kai ƙarar Hansai, a kira iyayenta su zo su ji abin da 'yarsu take yi da ɗan mutane.

Hansai ba ta yi kuka a gaban Inna ba. Sai da ta samu mijinta shi kaɗai a bakin rijiya yana alwala, ta tsaya a kansa.

Ta ce, "Malam, shekara goma sha ɗaya ban taɓa sa an kira Baba a kan abin kunya ba. Yanzu za a tara mutane a ce ina hana miji abinci, kuma wanda ya cinye abincin shi zai zauna ya yi mini shari'a. To ka ji: ko dai ka buɗe baki a tabarmar nan kafin Juma'a, ko ni in yafa mayafi in fito in buɗe nawa a gaban maza. In kuma aka kira Baba, da shi zan tafi."

Ta juya ta bar shi da buta a hannu. Sallau ya san Hansai, ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Tsoro ya kama shi na gaske, don yana son matarsa, kuma ya san ita ce mai gaskiya. Wannan ranar Talata ce. Ranar Laraba ya fita da niyya, ya shirya maganar tun a shago, ya yi ta maimaita wa katako. Da Alhaji ya ce "Buɗe naka, Sallau," sai ya ji bakinsa ya ce "To, Alhaji" ba tare da ya shawarce shi ba.

Ranar Alhamis ita ce cikar wata uku, ranar komawar Alhaji asibiti. Ya tafi da safe cikin babbar riga, yana gaya wa mutane a hanya cewa yau likita zai sha mamaki. Da magariba ya fito tabarma fuska a murtuke. Har Mati ya dawo ranar, don ya ji ƙishin-ƙishin abin da ya faru kuma ba ya so a ba shi labari. Inna kuwa ta jawo 'yar kujera ta zauna a zauren Sallau, bayan ƙyaure, wai tana shan iska. So take Alhaji ya gama cin ganyensa ta aika a sanar da shi zuwanta na gobe. Tsakaninta da tabarma bai fi taku goma ba. Hansai tana tsaye a bayanta da mayafi a kafaɗa.

Alhaji bai duba agogo ba ranar. Ya jawo kwanon Sallau da kansa ya buɗe, ya gutsuro loma, sannan ya fara.

Ya ce, "Kilo huɗu. Wai na ƙara kilo huɗu. Ku ji fa. Wata uku ina zagaye fili kamar jakin niƙa, takalmi har ya cinye, yaron nan wai shi likita ya dube ni ya ce na ƙara."

Malam Ilu ya ce, "Ikon Allah."

"Na ce masa sikelinsa ne ya lalace. Ni za a gaya wa sikeli? Shekara talatin ina awon hatsi."

Nan kam gaskiya ya faɗa, babu wanda ya kai shi sanin yadda ake sa sikeli ya yi ƙarya. Mati ya sunkuyar da kai yana gyara zaman hularsa.

Alhaji ya ci gaba, yana kai loma ta huɗu. "Aka kawo wani sikelin, shi ma bakinsu ɗaya. Sai ya ce wai tafiya kaɗai ba ta isa ba, wai ba na bin ƙa'idar abinci. Ni. Na ce masa tun ranar da ya rubuta takardar nan Hajiya ba ta sake ɗora mini tukunyar shinkafa ba. Ganye kullum, wata uku cur, kuma ko sau ɗaya kwanon bai koma da saura ba. Ya yi wani murmushi na raini ya ce abin da kamar wuya."

Ya juya malmala ta biyu ya kama ta ta gefen da ya fi miya. A zaure Inna ta daina jan carbi. Daga inda take tana hango kwanon, tana kuma gane shi, don ita ta wanke shi da hannunta da la'asar. Tana hango hannun da ke shiga yana fita, tana hango na ɗanta a kan gwiwa.

Alhaji ya ce, "Ni dai na gano abin. Wannan abincin nasu na ganye ƙarya ce tsagwaronta. Ba ya rage komai. Sun haɗa baki da masu lambu ne kawai. Da yana aiki ai da an gani a jiki." Ya suɗe yatsu, ya ture kwanon da babu komai gefe, ya jawo na silba ya tura gaban Sallau yadda ya saba. "Ungo, taimaka. Ni yau ɓacin rai ma ya hana ni cin abin kirki."

Sallau ya dubi zogalen. Ya dubi kwanonsa. Ya ji motsin ƙyaure a bayansa, ya san mayafin wa ke shirin fitowa.

Alhaji ya ce, "Kuma ba zan bar maganar nan ba. Na gaya masa ina da shaidu. Sallau, kai ne kake raka ni fili kullum, ko ba haka ba?"

"Haka ne, Alhaji."

"Zagaye nawa?"

"Bakwai, Alhaji. Tare muke yi."

"Kwanon nan kuma a gabanka ake fito da shi kullum. Ka taɓa ganin ya koma da ko ganye ɗaya?"

"Ban taɓa gani ba, Alhaji."

"Madalla. To gobe da safe ka ajiye zarto ka shirya, za ka raka ni asibiti. Ka tsaya a gaban yaron nan ka gaya masa da bakinka cewa an yi tafiya, an ci ganye, wata uku, kuma abincinsa bai rage kowa da komai ba."

Sallau ya miƙe tsaye a hankali, yana riƙe da ƙugun wandonsa da hannu ɗaya don hujin bel na uku ma ya fara yi masa yawa. Ya russuna kamar yadda ya saba, ya ɗaga murya daidai yadda za ta kai zaure.

Ya ce, "Zan raka ka, Alhaji. Sai dai ka ce wa likitan ni zai ɗora a kan sikelin, tunda ni nake cin abincin."